Tambayar da Anti Rabi Ba Ta Amsa Ba

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa matar yayana, Anti Rabi, a addu'arsa. Ni na yi jinyarta tun daga ranar da zazzaɓi ya kama ta har ranar da muka fito da ita daga asibiti a lulluɓe. Amma in ka tsare ni yau ka ce, "Zainab, me ya kashe ta?" sai dai in tsaya ina kallonka. Na ga komai da idona, kuma har yanzu na kasa haɗa shi wuri guda. Na rubuta ne don wata mai jinya ta gane da wuri abin da ni ban gane ba sai da lokaci ya ƙure.

A Tudun Wada ta Jos muke zaune, cikin gidan haya mai sassa uku. Yayana Usman fataucin shanu yake yi, yana saye a kasuwannin ƙauye yana lodi zuwa Kudu, saboda haka ya fi zama a hanya fiye da gida. Ni kuma da aurena ya mutu sai na dawo wurinsa, ya ba ni ɗaki, na kama shagon ɗinki a Gada Biyu. Anti Rabi ta karɓe ni hannu biyu. Ba ta kirana da sunana, sai dai Tela. "Tela, zo ki ci masa tun da zafi." Masa take soyawa kowace safiya a ƙofar gida, ma'aikata da masu Keke suna saye. 'Ya'yanta huɗu, biyun ƙarshe duk da tiyata aka ciro su. A haihuwar autan, Abdul, ta zubar da jini har muka fid da rai, kuma likita ya gargaɗe ta a gabana cewa ta huta sosai kafin ta sake ɗaukar ciki. Lokacin da wannan ciwo ya zo, Abdul yana shan nono, ko tafiya bai fara ba.

Tsakiyar damina ce, irin kwanakin nan da Jos take wuni cikin yayyafi, wanki ya ƙi bushewa, kowa na sanye da rigar sanyi. Yaya ya tafi Kudu da kaya. Wata safiya na fito ban ji ƙamshin masa ba. Na leƙa ɗakinta na same ta a ƙudundune cikin bargo biyu, haƙoranta na haɗuwa.

"Anti, lafiya?"

"Maleriya ce, Tela. Je ki kemis ki karɓo mini magani."

Na je na karɓo. Mai kemis ɗin ya biyo ni ya yi mata allura. Zazzaɓin ya sauka da rana, ya dawo da yamma, haka ya yi ta yi. A cikin makon nan na farko ban kawo komai a raina ba. A damina wa bai yi maleriya ba? Abin da kawai na lura da shi, in za ta tashi sai ta dafe mararta, kuma ta hana ni wanke mata kaya. Kullum nakan haɗa nata da nawa in wanke, amma wannan karon ta ce in bar su, ita za ta yi. Na ɗauka kunya ce ko kara.

A mako na biyu na fara jin wani wari a ɗakin. Na share, na kunna turaren wuta, na canza shimfiɗar Abdul ina zaton fitsarinsa ne. Warin bai tafi ba. Da na ɗaga zanin gadonta na ga jini, baƙi-baƙi, ba irin wanda na sani ba. Na nuna mata.

"Al'adata ce ta dawo," in ji ta. "Kin san tun haihuwar Abdul ban gani ba. Dole ta zo da ƙarfi."

Na yarda. Ni ban taɓa haihuwa ba, ita kuwa ta haifi huɗu. Da me zan yi mata gardama?

Maƙwabciyarmu ta sashen gaba, Maman Tobi, Bayarabiya ce mai sayar da kayan miya, kuma ƙawar Anti Rabi ce ƙwarai. Ta shigo dubiya, ta zauna kaɗan, ta fito ta ja ni gefe.

"Anti Zainab, wannan matan ba shi da lafiya fa. Ba maleriya ba ne wannan. Ku kai shi babban asibiti."

Na kira Yaya a waya. Ya ce in kai ta ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da mu, yana hanya. A can aka ɗebi jininta, aka ce taifot ce, aka sa mata ƙarin ruwa da allurai. Na tuna wanda ya duba ta ya tambaye ta, yana rubutu ko ɗago kai bai yi ba, "Kina da ciki?" Ta ce, "Goyo nake yi." Ya wuce zuwa tambaya ta gaba. Ba wanda ya taɓa cikinta. Ni ma ban ambaci jinin ba, don ta riga ta gaya mini al'ada ce, kuma a gaban namiji ne. Wannan wurin nake so masu karatu su riƙe. Mun yi kwanaki a asibitin nan ana maganin ciwon da ba shi take yi ba.

Yaya ya dawo. Labari ya kai dangi, shawarwari suka fara zuwa. Goggonmu ta ce sanyin Jos ne ya shige ta, ba ta yi wankan jego yadda ya kamata ba saboda tiyata. Wani abokin Yaya ya kawo man habbatus sauda da zuma. Mahaifiyar Anti Rabi, wadda muke kira Inna, ta taho daga ruga da sassaƙe cikin leda, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, baki ne ya kama 'yarta saboda cinikin masa da take yi. Kowa ya faɗi tasa da tabbaci, ni kuma duk wanda ya yi magana sai in ga kamar shi ne mai gaskiya. Da safe in ba ta ƙwayar asibiti, da rana Inna ta ba ta jiƙo, da yamma a shafa mata mai. Cikinta kuwa ya fara kumbura, ya yi tauri, ko zani ba ta so ya taɓa shi.

A mako na uku ta fara sambatu. Tana kallon bango tana cewa a sauke tanda, masa za ta ƙone. A ranar mai asibitin da kansa ya ce mu wuce gaba, abin ya fi ƙarfinsu.

Ba zan manta da shigarmu babban asibiti ba. Mun isa da hantsi cikin ruwan sama. Aka ce sai an yanki kati. Yaya ya shiga layi, ni da Inna muka riƙe ta a kan benci, kanta a cinyata, jikinta kamar garwashi. Da aka sami kati aka ce babu gado. Da aka sami gado aka ce a sayo safar hannu, da sirinji, da auduga, da ruwan da za a ƙara mata, kowanne a tagarsa daban, kowace taga da nata layin. Ina da ƙorafi a kan wannan, kuma zan faɗa: mutum yana mutuwa a kan benci ana aika ɗan'uwansa sayen auduga. Amma kuma a wurin nan ne wata nas, ba Musulma ba ce, ba ta san mu ba, ta wuce ta gabanmu, ta tsaya, ta dawo da baya. Warin ta ji. Ta ɗaga zanin Anti Rabi kaɗan, ta sake shi, ta tafi da sauri ta turo keken marasa lafiya da kanta. Ba don ita ba, da mun kai la'asar a bencin nan. Allah Ya saka mata da alheri duk inda take.

Aka yi hoton ciki. Likitar da ta zo da sakamakon mace ce mai manyanta, mai farin gilashi, Hausarta tas. Ta ce Yaya da Inna su jira a waje. Ni ma na miƙe, sai Anti Rabi ta damƙe hannuna. A lokacin ruwan da aka sa mata ya ɗan dawo da ita hayyacinta. Likita ta ja labule ta zauna a bakin gado.

"Malama Rabi, kin san kina da ciki?"

Na dubi Anti Rabi. Ba ta dube ni ba.

"Cikin ya fita," in ji likita, "amma bai fita duka ba. Abin da ya rage ya ruɓe a ciki, ruɓar kuma ta shiga jininki. Yanzu ina so ki gaya mini abu ɗaya. Da kansa ya zube, ko kin sha wani abu, ko wani ya sa miki wani abu?"

Likita ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Ni ba 'yar sanda ba ce, ba kuma alƙali ba ce. Ba zan gaya wa mijinki ba. In na san abin da aka yi, zan san inda zan duba, shi ke nan."

Anti Rabi ta juya fuskarta wajen bango. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Hawaye kawai na ga yana gangarowa zuwa cikin kunnenta. Likita ta jira, ta sake tambaya da murya ƙasa-ƙasa, sannan ta juyo gare ni.

"Ke fa, me kika sani?"

"Wallahi likita, yanzu nake jin maganar ciki a bakinki."

Ta dube ni kamar tana auna maganata, ta miƙe. Kalmar da na ji tana ta maimaita wa ƙananan likitoci ita ce sepsis. Ta zauna mini a kai har yau. Da na tambayi nas ɗin nan ma'anarta, ta ce jini ne ya ɗauki guba.

Aka ce sai an yi aiki a ranar, kuma mai yiwuwa a cire mahaifa gaba ɗaya. Inna ta ce ba da yawunta ba, ba a raba mace da mahaifarta. Yaya kuwa tambaya ɗaya ya yi wa likita, "Za ta tashi?" Likita ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Ya sa hannu. Ana bukatar jini, nawa bai dace ba, na Yaya bai isa ba. Ya buga waya kara, wato kasuwar shanu, kafin la'asar sai ga abokan sana'arsa cike da mota, wasu da sandunansu, takalmansu duk taɓo. Wasu ba su taɓa shiga asibiti ba a rayuwarsu, suna tsoron allura kamar yara, amma suka miƙa hannu. Su ma ba ni da bakin gode musu.

Bayan an fito da ita, likita ta kira ni ofishinta ni kaɗai.

"Mun cire mahaifar. Mun sami huda a jikinta."

"Huda kamar yaya, likita?"

"Irin wadda muke gani in an zura wani ƙarfe ko tsinke. Amma wurin yana dab da tsohon ɗinkin tiyatarta, kuma ruɓa ta cinye naman. Zai yiwu ɗinkin ne ya saki. Ina da zato, amma ba zan rantse ba."

"To me zan gaya wa yayana?"

"Abin da ya tambaye ki. In yana son bayani, ƙofata a buɗe take."

Na fito ina tambayar kaina. Anti Rabi, wadda ba ta barin sallar walha, wadda in ta ga jaririn wata sai ta karɓa ta goya? Na ce a raina ba zai yiwu ba, ɓari ta yi, kunya ta hana ta faɗa tunda tana goyo. Sai kuma in tuna yadda ta hana ni taɓa wankinta. Sai in ce ai mai ɓari ma za ta iya ɓoye wanki. Haka na yi ta juyawa.

Washegari Maman Tobi ta kawo mana abinci a kula. Muna zaune a barandar ɗakin mata sai ta matso kusa da ni.

"Akwai magana da yake damuna. Kafin ciwo ya fara, Maman Abdul ya zo ɗakina. Ya ce, Maman Tobi, in mata bai ga period ba, kuma ba ya so, menene zai sha? Na ce ni ban sani ba o, je ka asibiti. Ya yi dariya, ya ce ba shi ba ne, wani ƙawansa ne."

"Wace ƙawar?"

"Bai faɗa ba. Ni ma ban tambaya ba."

Wannan ya tuna mini da wata rana, 'yan kwanaki kafin zazzaɓin, da Anti Rabi ta bar mini Abdul a shago ta ce za ta je barka unguwar Kabong. Ta daɗe, kuma da ta dawo ba ta yi girki ba, ta kwanta ta ce kanta ke ciwo. Daga baya na bincika. Da gaske an yi haihuwa a Kabong, da gaske ta je. Mai jegon ta ce ta zo, amma ba ta jima ba. Ina ta tafi daga nan? Ko kuwa layin Keke ne da ruwan sama suka tsare ta, kamar yadda suke tsare kowa? Ban sani ba.

A mako na huɗu ta ji sauƙi har muka fara murna. Zazzaɓi ya sauka, ta sha kunu, ta tambayi yara. Ta ce in kawo mata Abdul, nas ta ce ba a shigo da jarirai ɗakin, sai na ɗaga shi ta taga ta gan shi. Wata rana da hantsi ina taje mata kai, Inna ta fita shan rana, na ga dama ta samu.

"Anti, ni ce fa. Ba mai ji."

Can ta ce, "Tela, wuƙar nan na ji tsoro."

"Wace wuƙa?"

"Ke dai ba ki sani ba. Allah Ya sa kada ki sani."

Ta rufe ido. Na ci gaba da taje kan. Na yi ta tunanin maganar nan har yau. Wuƙar da aka yi mata aiki da ita kwanakin baya take nufi? Ko wuƙar da ta san tana jiranta in cikin ya kai haihuwa, bayan abin da ta gani a haihuwar Abdul? In ta biyun ce, to tsoron mutuwa ne ya kai ta inda ta je. In ta farkon ce, to ba ta gaya mini komai ba. Na yi niyyar sake tambayarta in ta ƙara ƙarfi.

Ba ta ƙara ƙarfi ba. Fitsarinta ya ragu, ledar da aka rataya a gefen gado ta daina cika. Ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ma haka. Aka ce gubar ta taɓa ƙoda, sai an yi wankin ƙoda. Yaya ya sayar da shanun da yake juya jarinsa da su. Aka yi wankin farko, aka yi na biyu. Inna ta shigo da jiƙo a cikin filas ɗin shayi, nas ta kama ta, aka yi ta cacar baki, Inna na cewa sun yanka mata 'ya sun kasa warkar da ita, nas na cewa jiƙon nan zai ƙarasa ƙodar. Ni ina tsakiya, ina ba wannan haƙuri ina ba waccan. Gaskiya a lokacin ban san wadda ta fi gaskiya a cikinsu ba, don na ga maganin asibitin ma ba ya yin komai.

Ranar wata Talata da safe, ana raba magani, numfashinta ya canza. Inna, da yake Anti Rabi 'yar fari ce, ba ta taɓa kiran sunanta ba tunda ta haife ta, sai dai "yarinyar nan". A safiyar nan ta kama kafaɗarta tana cewa, "Rabi. Rabi." Na yi mata kalmar shahada a kunne. Leɓenta ya motsa. Shi ke nan.

A zaman makoki na ji dalilan mutuwarta iri-iri. Goggo na gaya wa mutane sanyi ne. Abokan Yaya suna cewa ciwon ƙoda. Matan unguwa suna cewa taifot ce ta huda hanji. Inna ta tsaya a kan cewa baki ne ya kama ta. Takardar da asibiti suka ba mu ta ambaci ƙoda da gubar jini. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce, "Kwana ne ya ƙare." Ba wanda ya ambaci ciki. Ni da Maman Tobi in muka haɗa ido sai kowa ta kau da kai.

Na rufe shago na ɗan lokaci, na koma renon yara. Abdul ya sha wahalar yaye, amma ya rayu, yanzu yana gudu.

Bayan wasu watanni, da rani, mai unguwa ya aiko cewa wasu ma'aikatan bincike suna zagaya gidajen da aka yi rashin mata masu shekarun haihuwa, a ba su haɗin kai. Wadda ta zo gidanmu sunanta Malama Hannatu, mace mai natsuwa, da 'yar na'ura a hannu tana dannawa. Ta fara da Yaya a zaure. Ina daga tsakar gida ina jin su. Ta yi masa ta'aziyya, ta tambaye shi ko marigayiya tana da ciki lokacin rasuwarta, ko ta rabu da ciki ba da jimawa ba.

"Ba ta da ciki," in ji Yaya. "Goyo take yi. Ciwon ƙoda ne."

Ta tambayi wanda ya yi jinya. Ya ce ƙanwarsa. Ta nemi izinin ganina ni kaɗai, ya ba ta. Muka shiga ɗakina. Ta ce ba za a rubuta sunan kowa ba, kuma duk tambayar da ban so ba ina iya ƙin amsawa. Ta bi ciwon daki-daki, zazzaɓi, kumburi, jini. Sannan ta zo kan tambayar da ta yi wa Yaya.

Na ce, "Kafin in amsa, Malama, me za ku yi da shi?"

Ta ajiye na'urar a cinyarta. "Muna so mu san mata nawa ke mutuwa ta wannan hanya. Ba wanda ya sani. A asibiti ana rubuta ciwon ƙarshe da ya ɗauke su, ƙoda ko jini. Waɗanda suka mutu a gida ba a rubuta su ko'ina. Dangi kuma ko ba su sani ba, ko sun sani ba za su faɗa ba. In muka je wurin masu raba kayan aiki da magani muka ce akwai matsala, sai su ce ina shaida."

"To in na ce miki ban sani ba, ina za ki sa ta?"

"Akwai waɗanda muka tabbatar. Akwai waɗanda alamu suka nuna. Akwai waɗanda sai dai mu ce wataƙila. Likitoci ne za su karanta abin da kika faɗa su yanke inda ta dace. Wani lokaci su ma sukan saɓa."

"Ashe ku ma kintace kuke yi."

"Kintace ne," in ji ta. "Muna dai ƙoƙari kada ya yi nisa da gaskiya."

Na auna abin a raina. In na faɗa, kamar na tona asirin da ta mutu tana rufewa, asirin da ban ma tabbata akwai shi ba. In na ƙi, kamar na taya a binne abin da zai iya cin wata gobe. A ƙarshe na ce zan gaya mata abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji, amma ba zan sa masa suna ba. Na faɗi maganar hoton ciki, da tambayar likita, da shirun Anti Rabi, da hudar da aka gani, da shakkar likitar kanta. Ta danna, ta danna, ta yi godiya, ta tafi gida na gaba. Har yau ban san a wane rukuni aka sa ta ba.

Abin da zan iya faɗa da tabbaci kaɗan ne, ga shi. Mace mai goyo tana iya ɗaukar ciki. In kika ga zazzaɓi da ciwon mara da jini mai wari a tare, kada ki tsaya kemis, kada ki tsaya jin kunyar likita namiji, ki faɗi jinin da bakinki ko da mai ciwon ta hana ki. Kuma in wata taki ta zo da tambaya ta ce ta ƙawarta ce, ki zaunar da ita ki ji ƙarshen maganar. Ko da kansa ya zube ko ba da kansa ba, likitar nan ta gaya mini cewa da an zo a makon farko, wanke ciki da allurai sun isa.

Da Malama Hannatu ta fita, na ɗauki buta zan yi alwalar la'asar. Na tarar da Yaya a tsakar gida, zaune a kan turmi, dab da tagar ɗakina. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Yana riƙe da hularsa a hannu.

"Zainab."

"Na'am, Yaya."

"Rabi ta gaya mini. Kafin in tafi Kudu ta ce mini ta yi ɓatan wata. Tana kuka. Na ce mata ta bar kuka, Allah da Ya ba mu Shi zai sauke ta lafiya. Mota na jirana, na ce in na dawo ma yi magana."

Na tsaya da buta a hannu. Duk watannin nan ina ɓoye masa abin da ya riga ni sani.

"Me ya sa ka ce wa matar nan babu ciki?"

Ya juya hular, ya sake juya ta.

"Ke kika zauna da ita. Ke likita ta kira. Ki gaya mini don Allah, ita ta zubar, ko shi ya zube?"

Na dube shi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Na ga amsar da yake so, na ga kuma wadda yake tsoro, kuma ba ni da ko ɗaya.

"Wallahi Yaya, ban sani ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sa hularsa, ya tafi masallaci.

Allah Ya jiƙan Anti Rabi, Ya yafe mata abin da muka sani da wanda Shi kaɗai Ya sani, Ya raya abin da ta bari.